Ƙananan Kwamfutocin Gwanjo Sun Shiga Gidaje: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Tun daga shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kayan kallo na gidajen jama'a ba su daina sauya kama ba. An yi zamanin kaset ɗin bidiyo, aka zo aka yi na faifai, sa'an nan aka koma wajen masu tura finafinai a cikin waya. Yanzu kuwa ga wata baƙuwa ta fara samun wurin zama a ƙarƙashin akwatin talabijin, watau 'yar ƙaramar kwamfutar nan ta hannu wadda ake shigowa da ita daga ƙasashen waje. Faɗinta bai fi taƙi guda ba, kaurinta kamar na babban littafi, nauyinta kuwa kilo ɗaya ne da 'yan kai. Duk da haka tana ɗauke finafinai da karatu da hotunan biki masu yawan gaske, ta nuna su a talabijin ba tare da an taɓa intanet ba.

Arahar da take da ita ce ke jan hankalin magidanta zuwa gare ta. To amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, domin kuwa a cikin tsibi guda na waɗannan na'urori akwai wadda za ta yi wa gida hidimar shekaru, akwai kuma wadda ba za ta ga ƙarshen wata ba.

Daga Ina Suke Fitowa?

Asalinsu ba don gidaje aka ƙera su ba. Kamfanoni uku ne suka fi shahara da su: Lenovo mai ƙirar ThinkCentre Tiny, wadda ta fara fitowa a shekarar 2012, da Dell mai OptiPlex Micro, da kuma HP mai EliteDesk Mini da ProDesk Mini. Bankuna da asibitoci da ofisoshin gwamnati na Turai da Amurka su ne ke sayensu dubbai, su yi aiki da su na shekara uku zuwa biyar, sa'an nan su sallame su gaba ɗaya su ɗauko sababbi. Daga nan sai su faɗa hannun dillalai, waɗansu a gyara su a gwada, waɗansu kuwa a loda su a jirgi yadda suke.

Wani abu kuma ya ƙara yawansu a kasuwa. A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Wadda ta gaje ta, watau Windows 11, ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarar 2017. Tun a watan Disamba na 2023 kamfanin bincike na Canalys ya yi kiyasin cewa kwamfutoci wajen miliyan 240 ne za su iya zama shara saboda wannan dalili. Ofisoshin da ke tsoron ɓarayin intanet sun yi ta zubar da lafiyayyun na'urori, ba don sun lalace ba sai don zamani ya wuce su.

Ta tashoshin jiragen ruwa na Legas irin waɗannan kaya ke shigowa Nijeriya, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja da ta Alaba, kafin su iso shagunan Kano da Kaduna da Abuja. Ba duka ne ke isowa da rai ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hannu a ciki, wanda aka bayyana a shekarar 2018, ya nuna cewa a 2015 da 2016 ana shigo da tsofaffin kayan lantarki kimanin tan 60,000 kowace shekara, mafi yawansu a cunkushe cikin motocin gwanjo, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai saye ya buɗe ido.

Amfaninta A Gida

Babban abin da ya sa ta dace da ƙasar nan shi ne ƙarancin cin wuta. Ƙwaƙwalwar da ake sa wa yawancinsu, mai harafin T a ƙarshen lambarta, an tsara ta ne a kan wat 35, kuma a lokacin kallon fim na'urar ba ta cika wuce wat 10 zuwa 20 ba. A ƙaddara tana cin wat 15, ana kunna ta awa shida kullum. A wata guda ba za ta kai yunit uku ba. In aka yi lissafi da naira 225 a kan kowane yunit, farashin da hukumar NERC ta sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, kuɗin bai wuce naira 600 da 'yan kai ba. Tsohuwar babbar kwamfuta mai cin wat 100 kuwa za ta lashe yunit 18 a daidai wannan lokaci, watau fiye da naira 4,000. Ga gidan da ke dogara da sola da batir, wannan bambanci shi ne tsakanin a ƙarasa kallo da a kwana cikin duhu.

Abu na biyu shi ne tsadar data. A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa guda na hoto mai kyau yana iya cin gigabait uku. Gidan da yara ke maimaita shiri ɗaya sau goma yana biyan kuɗinsa sau goma ke nan, alhali kuwa abin da aka ajiye a cikin rumbun kwamfuta sau ɗaya ake biya. Akwai manhajoji na kyauta da ke tsara wannan ajiya. VLC tana buɗe kusan kowane irin bidiyo. Kodi tana jera finafinai a fuskar talabijin da manyan haruffa yadda na nesa zai iya karantawa. Jellyfin kuwa tana rarraba abin da ke cikin kwamfutar zuwa wayoyin mutanen gida, uwargida tana kallon nata a ɗaki, yara suna kallon nasu a falo.

Daɗin daɗawa, na'urar ba ta tsaya ga nishaɗi ba. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma har yanzu akwai ɗaliban da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ana gab da ranar jarrabawa. Ɗan akwatin Android da ake maƙalawa a talabijin ya fi araha, amma wannan fa cikakkiyar kwamfuta ce wadda yaro zai koyi buga rubutu da lissafi a kanta da rana, iyali su yi kallo da dare.

Ba A Cinikin Biri A Sama

Abu na farko da mai saye zai tambaya shi ne zubin ƙwaƙwalwar, domin sunan Core i5 ko Core i7 kaɗai ba ya gaya wa mutum kome. Lamba ta farko bayan sunan ita ce ke nuna zubi: i5-6500T zubi na shida ne, i5-8500T kuwa na takwas. Zubi na takwas zuwa sama shi ne Windows 11 ke karɓa ba tare da wata dabara ba, kuma ana samunsa a cikin OptiPlex 3060 da 7060, da EliteDesk 800 G4, da ThinkCentre M720q da M920q. Zubi na bakwai yana iya buɗe bidiyo mai nauyi irin na 4K ba tare da wahala ba, amma Microsoft ba ta sa yawancinsa cikin jerin waɗanda ta amince da su ba. Wanda ya sayi zubi na shida ko na bakwai saboda araha bai yi asara ba, muddin ya san abin da ya saya. Zai iya sa mata Linux Mint ko LibreELEC, waɗanda kyauta ne kuma ana ci gaba da kula da tsaronsu. Abin da bai kamata ba shi ne a biya kuɗin zubi na takwas a karɓi na shida, ko kuma a riƙa shiga asusun banki da tsohuwar Windows wadda aka daina gyarawa.

Abu na biyu shi ne ma'adanar aiki da ake kira RAM, da kuma rumbun ajiya. Gigabait takwas na RAM ya wadatar ga kallo da karatu. Farashinta ya tashi ƙwarai a duniya a ƙarshen shekarar 2025, saboda haka ya kamata a duba da ido a tabbatar cewa abin da aka rubuta a takarda shi ne a ciki. Rumbun ajiya kuwa gara ya kasance irin na SSD, wanda ba shi da faifai mai juyawa, don ya fi sauri kuma ya fi jure jijjiga. Akwai 'yar manhaja mai suna CrystalDiskInfo wadda ke nuna awa nawa rumbun ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa. Mai shago na gari ba zai ƙi a gwada ba.

Abu na uku shi ne kafofin da ke bayanta. Da yake don ofis aka yi su, da yawansu ba su da kafar HDMI wadda talabijin ke amfani da ita, sai wata mai kama da ita da ake kira DisplayPort. Akwai 'yar waya mai haɗa su biyun, ba ta da tsada, amma gara a saye ta a nan take a gwada hoto da sauti kafin a bar shago. Haka nan kuma waɗansu ba su da Wi-Fi ko kaɗan, domin ofisoshin da suka yi odarsu da waya suke haɗa intanet. Ba ta zuwa da rimot, sai a nemi ɗan allon rubutu marar waya.

Abu na huɗu, wanda ya fi kowanne cutar da masu saye, shi ne kulle. Waɗansu kamfanoni kan sayar da na'urorinsu ba tare da sun cire kalmar sirrin da ke tsare saitin farko na kwamfutar ba, wanda ake kira BIOS. Waɗansu kuma sunan na'urar na nan a rajistar tsohon ofishinta, sai an sake zuba Windows an haɗa da intanet sa'an nan ta nemi a shiga da sunan wani ma'aikacin kamfani na wata ƙasa. Maganin wannan shi ne a sa mai shago ya shiga BIOS a gaban mai saye, ya kuma haɗa ta da intanet, a kuma yi sharaɗin mayarwa in kulle ya bayyana daga baya.

Na biyar ita ce caja. Yawancinsu suna aiki da caja mai wat 65 ko 90, kuma kowane kamfani da irin bakinsa. Ta Lenovo mai kusurwa huɗu ce, ta Dell da HP kuwa zagayayyu ne. Na'urorin Dell kan gane jabun caja, su rage gudu ko su yi ta gargaɗi. Caja ta asali, ko da tsohuwa ce, ta fi sabuwar jabu.

Bayan An Kai Ta Gida

Ita dai wannan kwamfuta ba ta da batir irin na laftof. Da zarar an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, kuma yawan hakan yana ɓata abin da aka ajiye. Wanda ba shi da inbata ya nemi ƙaramin UPS, ya kuma sa abin kare ta daga tashin wuta, musamman a lokacin da ake sauyawa daga janareta zuwa wutar gari. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma abokan gaba ne. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, fankar da ke cikinta kuwa ƙarama ce ƙwarai. Kada a rufe ta cikin kabad ko a lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki, kuma a riƙa buɗe murfinta ana hure ƙura lokaci lokaci, abin da ba ya bukatar fiye da kwance ƙusa ɗaya. In agogonta ya fara mantuwa, ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, ya ƙare.

Hotunan aure da na suna da muryoyin iyaye da aka ɗauka ba su da madadi, saboda haka kada a amince wa rumbu ɗaya, balle tsoho. A ajiye kwafi na biyu a wani wuri dabam. Game da finafinai kuwa, ya kamata a tuna cewa masu shirya su sun daɗe suna kuka da satar fasaha, kuma a watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya. Cika rumbu da kayan sata yana kashe sana'ar da ake jin daɗinta.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kowace kwamfuta da aka ƙara wa shekara biyar na aiki a cikin gida, ragi ce a wannan tsibi. Wadda aka shigo da ita matacciya kuwa ƙari ce a juji, inda yara ke ƙona wayoyi don neman jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙi mai guba.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an ɗanɗana ake sanin zuma ce. Magidancin da ya tafi kasuwa da lambar zubin da yake nema a rubuce, ya sa aka kunna na'urar a gabansa, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinta da wa'adin mayarwa, shi ne zai tabbatar da cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.