Zaɓen Na'urar MP3 Domin Koyar da Waƙar Baka

Waƙar baka ba ta cika sai an ji ta da kunne. Saboda haka malamin da aka tura Kankiya ko Kusada, zai kuma koyar da waƙoƙin Mamman Shata (ya rasu a 1999), yana buƙatar na'urar da ɗalibai za su saurara. A da kaset ake dogaro da shi. An fara fitar da ƙaramar na'urar MP3 a Koriya ta Kudu a 1998, daga baya ƙirar ƙasar Sin masu araha suka cika kasuwanni irin su Sabon Gari a Kano. Sai dai araha ba ta ado, don haka malami ya lura da waɗannan:

1. Lasifika: a zaɓi mai lasifika a jikinta, domin ta maƙalawa a kunne mutum ɗaya take yi wa amfani.
2. Batir: wutar lantarki ba ta da tabbas, don haka wadda ake cire batirinta a sauya ta fi dacewa.
3. Katin memori: waƙar minti ɗaya kan ci kimanin megabait 1, wato katin gigabait 4 zai ɗauki fiye da awa 60. Akwai jabu, masu ɗaukar ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsu.
4. Maɓallai: a tabbata ana iya tsayarwa da komawa baya, domin nazarin ɗiyan waƙa sai da maimaitawa.

A gwada komai a gaban mai kanti kafin a biya, domin na'urar da ta mutu a tsakiyar darasi ta ɓata sa'ar koyarwa.