Yadda Ake Auna Ƙarfin Rukunin Ƙananan Kwalejoji A Amurka

Ƙananan kwalejojin Amurka sun kasu rukuni-rukuni wajen ƙwallon nan nasu da ake runguma a ƙirji, masana kuwa kan jera rukunan bisa ƙarfi. Kwalejin Mount Union ta Jihar Ohio ta ci kofin ƙasa sau 13 daga 1993 zuwa 2017, amma a ganinmu wannan bai isa a fifita rukuninta ba. A rukunin Jihar Wisconsin, La Crosse ta ci kofin a 1992 da 1995, Whitewater ta ci sau 6 daga 2007 zuwa 2014, Oshkosh kuma ta kai wasan ƙarshe a 2016. Malamai sun sani, ba a yabon aji saboda yaro guda. Sai a dubi yadda na tsakiya suke karawa da baƙi, sa'an nan a yanke hukunci.