Gano Matsalar Da'irar Sensa a Katafilar Haƙa Ƙasa ta Hanyar Lambar Matsala

1.0 Gabatarwa

Katafilar haƙa ƙasa ta zamani tana ɗauke da kwamfuta, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar inji. Ita wannan ƙwaƙwalwa ba ta ganin kome da kanta, sai abin da sensa ta gaya mata, watau ƙananan na'urorin nan da aka dasa a jikin inji da famfon mai domin auna zafi da matsi da saurin juyawa. Idan saƙon da ya zo mata ya saɓa wa abin da ta sani, sai ta fitar da lamba a allon direba. Abin da muke son nunawa a wannan maƙala shi ne, lambar nan da'ira take zargi gaba ɗayanta, ba sensa kaɗai ba. Da'irar kuwa ta ƙunshi sensa, da wayoyi, da soket, da ita kanta ƙwaƙwalwar.

2.0 Yadda ake karanta lambar

Yawancin injunan dizal na manyan motoci suna bin ƙa'idar J1939 ta ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE da ke Amurka. A wannan ƙa'ida lambar tana da sassa biyu. Na farko, SPN, yana faɗin abin da ake aunawa: 110 zafin ruwan inji ne, 100 kuwa matsin baƙin mai. Na biyu, FMI, yana faɗin irin matsalar. Kamfanin Caterpillar ya daɗe yana amfani da CID a madadin SPN, amma ga waɗannan biyun lambobin ɗaya ne.

Sashe na biyun nan shi ne ɗalibanmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Alal misali, 110 da FMI 0 na nufin saƙon sahihi ne, injin ya yi zafi ƙwarai da gaske, sai a duba lagireto da fanka. Amma 110 da FMI 3 na nufin ƙarfin lantarkin da ke kan wayar saƙo ya haura iyaka, FMI 4 kuwa ya faɗi ƙasa da iyaka. Waɗannan biyun ba su ce kome ba game da zafin ruwa. Magana ce ta lantarki tsantsa.

3.0 Dalilin da ya sa katsewar waya ke ba da FMI 3

Mu ɗauki sensar zafin ruwa mai waya biyu. Turjiyarta ga lantarki tana raguwa ne gwargwadon yadda ruwa ke ƙara zafi. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wata turjiya tsayayyiya da ta haɗa wayar saƙo da bolt 5, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki. Su biyun nan suna raba bolt 5 ɗin a tsakaninsu, ƙwaƙwalwa kuma tana karanta rabon da ya faɗa wa sensa. To, idan waya ta katse, babu sauran abokin rabo, sai wayar saƙo ta tashi zuwa kusan bolt 5. FMI 3 ke nan. Idan kuwa rigar waya ta goge har tagullar ta taɓa jikin ƙarfe, sai ƙarfin ya faɗi kusan sifiri, a sami FMI 4.

Sensar matsi waya uku gare ta: ta bolt 5, da ta dawowa, da ta saƙo. Saƙonta yakan tsaya tsakanin bolt 0.5 da 4.5, an kuwa bar ratar da ke sama da ƙasa da gangan domin a bambanta awo na gaskiya da lalacewar waya. Sai dai a nan kamfanoni sun sha bamban, akwai waɗanda katsewa ke ba su FMI 4, saboda haka lalle a duba littafin katafilar.

4.0 Sa lambar ta canja

Kafin kome, a sauke bokiti ƙasa, a kulle libar aiki, a kashe inji. Sa'an nan a tabbata lambar tana nan a raye, ba tsohuwa ce da aka ajiye ba.

Gwajin da muka fi amincewa da shi ba ya buƙatar kome sai guntuwar waya. A ce lambar FMI 4 ce. A cire soket ɗin sensa, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. In lambar ta koma FMI 3, to wayoyi da ƙwaƙwalwa sun ga katsewar da muka yi da hannunmu, laifin yana cikin sensa. In ta tsaya a 4, wayar saƙo na taɓa ƙarfe a wani wuri. Haka kuma idan FMI 3 ce, sai a haɗa bakin wayar saƙo da ta dawowa a soket ɗin. Komawarta 4 shaida ce cewa wayoyin lafiya suke. Idan ba ta motsa ba, sai a maimaita gwajin a bakin ƙwaƙwalwa. Sai lambar ta ƙi canjawa a can ne za a fara tuhumar ƙwaƙwalwa, wadda ita ce mafi tsada, kuma a ganinmu ita ce aka fi yi wa ƙazafi.

Mita ma takan yaudari mai ita. Lantarkin da take ja kaɗan ne ainun, har wayar da ta ruɓe saura sili ɗaya sai ta nuna bolt 5 cif. Maganin wannan shi ne a cire wayar daga ɓangarorin biyu, a ɗora mata ƙwan fitila da batir, a ga ko za ta iya ɗaukar kaya. Kada a kuskura a yi haka wayar tana haɗe da ƙwaƙwalwa, musamman da yake manyan katafiloli bolt 24 suke amfani da shi. Huda rigar waya da allura, wanda ya zama ruwan dare a garejinmu, shi ma ƙofa yake buɗe wa ruwa da tsatsa.

Idan lambobin sensa uku ko huɗu suka fito lokaci guda, da wuya a ce duk sun mutu tare. Galibi layin bolt 5 ɗaya suke sha, guda ta jawo shi ƙasa. A riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita, wadda aka cire bolt 5 ya dawo ita ce mai laifin.

Saura lambar da ke zuwa ta tafi, wadda sau da yawa FMI 2 ce, watau saƙo mara tsayawa. Katafila tana yini cikin girgiza da ƙura da laka, wayoyinta kuma suna goga da ƙarfe a kowace lanƙwasa. Sai mutum ɗaya ya zauna yana kallon allo, ɗaya yana girgiza damin wayoyi taki-taki, tun daga soket ɗin sensa har zuwa ƙwaƙwalwa. Inda awo ya yi tsalle, nan za a kwance.