Tsofaffin Gine-ginen Fagge da Sabon Gari: Gadon Wa Muke Rushewa?

Yau hira za mu yi a kan gine-ginen da muke wucewa kullum a Adaidaita ba ma ko ɗaga kai mu kalle su.

Kwanan baya na bi ta wani layi a Sabon Gari inda na san wani tsohon bene mai baranda da tagogin katako. Wallahi ko alamarsa babu, an share wajen ana zuba ginshiƙan plaza. Na tambayi wani dattijo mai shayi, ya ce: "Ɗana, ai kayan Turawa ne, me za a yi da shi?" Maganar nan ta tsaya min a rai.

Bari mu koma baya kaɗan. Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, sannan aka yanka Sabon Gari wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo layin dogo daga kudu. Ita kuwa Fagge ta girme su duka, zango ce ta fatake da raƙuman Azbinawa tun kafin zuwan Bature. Daga baya 'yan Lebanon da Siriya, waɗanda muke kira Kwara, suka kafa kantuna a gefenta.

Abin mamakin shi ne, Turawa auduga suka so su riƙa kwasa zuwa masaƙun Manchesta. Manoman Kano suka duba inda riba take, suka koma gyaɗa. Kuɗin gyaɗar nan ne ya tayar da sito-sito da kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC, ya kuma ɗaga attajirai irin su Alhassan Ɗantata. To wa ya noma gyaɗar? Wa ya yi dakon buhunan? Wa ya kwaɓa ƙasar ginin? Kakanninmu ne. Kenan ba kayan Turawa ba ne, guminmu ne.

Ku duba Libaful, garin su John Holt ɗin. Tashar jiragen ruwa ta Albert da aka buɗe a 1846, zamanin Sarauniya Biktoriya, ta taɓa zama kango. Ba su rushe ta ba. Sun gyara, yau akwai gidajen tarihi da shaguna a ciki, baƙi na tururuwa. Mu ma mun ga irin haka a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Matsalar, da zarar an fito bayan ganuwa aka shiga kasuwa, sai mu ga kamar tarihi ya ƙare.

Ban ce kada a yi sabon gini ba, kuma na san mai gida yana da iyali da buƙatu. Amma tsohon sito yana iya zama shaguna ko ɗakin karatu ba tare da an kai shi ƙasa ba.

Ga aikin da zan ba mu a makon nan. In ka ga tsohon gini a Fagge, Sabon Gari ko kusa da tashar jirgin ƙasa, nemi izini ka ɗauki hoto. Samu dattijon unguwa ka tambaye shi wa ya gina, me ake yi a ciki a da. Ka rubuta ka ajiye. In katafila ta riga mu, aƙalla 'ya'yanmu su san abin da ya taɓa tsayawa a wurin.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya bar zumunci.