Sa Hannu Ya Yi Daidai, To Hannun Wane Ne?

Da zarar an fara raɗe-raɗin ɗaukar ma'aikata ko naɗin muƙamai, sai takardu su cika WhatsApp: tambarin gwamnati a sama, hatimi a ƙasa, ga sa hannu mai lanƙwasa kamar na babban sakatare. Bayan kwana biyu ma'aikatar ta fito ta ce jabu ne, alhali wasu sun riga sun biya "kuɗin fom". A cikin ka-ce-na-ce da ke biyo baya ne ake jin masu cewa da an koma sa hannun dijital da an huta. Suna da gaskiya, amma rabinta suka faɗa.

Hoton sa hannun da aka manna a kan takardar PDF ba shi ake nufi ba, wannan ko ɗan sakandare zai yanko shi daga wata takarda ya liƙa. Sa hannun dijital lissafi ne. Mai aikawa yana da mabuɗai biyu, na sirri wanda ba ya barin hannunsa, da na fili wanda kowa zai iya samu. Manhaja takan matse saƙon gaba ɗaya ya koma 'yar gajerar lamba, ta hanyar lissafi irin SHA-256, sannan ta sarrafa lambar da mabuɗin sirri. Mai karɓa sai ya gwada da mabuɗin fili. In an canza ko waƙafi guda a hanya, lissafin ba zai zo daidai ba. Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka fito da tunanin a 1976, tsarin RSA ya biyo baya a 1977, kuma har gobe ba nan ne wurin da ɓarayi suka fi samun ƙofa ba.

Ƙofar tana gaba kaɗan. Tambaya ɗaya tak lissafin yake amsawa: da wannan mabuɗin aka sa hannu, kuma ba a taɓa saƙon ba tun daga lokacin. Bai ce mabuɗin na wane ne ba. Ɗan damfara ma zai ƙera nasa mabuɗan cikin ƙiftawar ido, ya rubuta sunan banki a kai, ya sa hannu, lissafi kuwa ya fito tsaf babu kuskure. Wannan ne abin da masu ɗokin alamar "an tabbatar" suke kasa ganewa.

Shi ya sa ake haɗa sa hannu da takardar shaida, mai bin tsarin X.509 wanda ya fara fitowa a 1988. A cikinta akwai sunan mai mabuɗin, da mabuɗinsa na fili, da ranar da za ta daina aiki, da sa hannun hukumar da ta ba shi. Kamar baƙo ne ya sauka a gari riƙe da takarda. Mai unguwarsu ya shaide shi, dagaci ya shaidi mai unguwa, hakimi ya shaidi dagaci, har a dangana da fadar da kowa ya san hatiminta. Mai hankali zai bi tsanin nan hawa-hawa. Zai duba ko an tuɓe mai unguwar nan tun bara. Zai duba ko takardar ta wani gari ce daban aka kawo nan. Zai lura in mai unguwa ne ya naɗa dagaci, abin da ba huruminsa ba. In kuwa baƙon ne ya shaidi kansa da kansa, ai magana ta ƙare. Kowace waya da kwamfuta tana zuwa da jerin waɗannan manyan hatimai a cikinta, kuma da su ake rufe bincike.

Masu rubuta manhaja ba sa zama su ƙirƙiro wannan aiki daga tushe. Akwai ƙunshin shirye-shiryen da suke kira laburare, irin OpenSSL da ke nan tun 1998, wanda suke miƙa wa saƙo da takardar shaida ya duba musu. Sai dai laburaren yakan ba da zaɓin kashe binciken tsani, don masu gwaji. A nan sakaci ke shigowa. Manhaja ta ƙi aiki, ta yi ta ƙorafin ba ta san mai shaidar ba, ga oga yana jiran aiki gobe da safe, sai mutum ya kashe binciken da niyyar zai gyara daga baya. Daga bayan nan ba ya zuwa. A 2012 masu bincike daga Jami'ar Texas da ke Austin da Jami'ar Stanford sun gano manhajoji masu yawa, har da na biyan kuɗi, waɗanda ba sa tantance takardun shaida yadda ya kamata.

Wani lokacin laburaren ne da kansa ke da ɓaraka. A Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya gyara kuskuren da aka fi sani da "goto fail", inda layi guda da aka maimaita ya sa iPhone da Mac suke tsallake wani matakin duba sa hannu. A Afrilun 2022 aka bayyana wanda ya fi shi ban mamaki a harshen rubuta manhaja na Java, daga fitowa ta 15 zuwa ta 18: in aka turo sa hannun da babu komai cikinsa sai sifili, manhaja ta karɓa ta ce daidai ne.

Fada ma ana iya shiga a saci hatimi. A 2011 aka kutsa cikin DigiNotar, wani kamfanin ba da takardun shaida a ƙasar Holan, aka buga na jabu fiye da 500, ciki har da na Google. An yi amfani da na Google ɗin wajen leƙen saƙonnin mutane kusan 300,000, mafi yawansu a Iran. Masu burauza, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, suka cire sunan kamfanin daga jerin amintattu, kafin ƙarshen Satumba ya durƙushe. Gwamnatin Holan, wadda shafukanta da dama suka dogara da shi, sai da ta yi ta fafutukar canza takardu. Wannan ya nuna amfanin duba jerin takardun da aka soke, matakin da manhajoji da yawa ke yi wa riƙon sakainar kashi.

Ko komai ya tafi daidai, sa hannu bai tabbatar da cewa abin da aka rubuta gaskiya ne ba. Ya dai kama wanda ya rubuta, ba zai iya musantawa gobe ba.

A Najeriya doka ba ta hana ba, domin sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da sa hannun lantarki. Abin da ya rage shi ne ofisoshi su daina ɗaukar hoton takarda da waya suna watsawa, sannan su zo suna ƙaryata jabunta a jarida. Hukumar da ke son a yarda da wasiƙunta ta sa musu hannun dijital na gaske, ta sanar da jama'a wanda ya ba ta takardar shaida da inda za a je a tantance. Duk wanda kuma zai ba da kwangilar manhaja, ya sa a gwada ta da takardar da ta ƙare, da wadda aka soke, da wadda ta shaidi kanta. In ta karɓi ko guda, kada a biya kuɗin aikin.