Ƙananan 'ya'yan itace da yaƙi da ciwon suga

A wani nazari da aka wallafa a shekarar 2010, masu bincike a cibiyar Pennington da ke jihar Louisiana ta Amurka suka tara mutum 32 masu ƙiba, waɗanda jikinsu ya fara yi wa insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, taurin kai amma ciwon suga bai riga ya kama su ba. Tsawon mako shida, safe da yamma, wasu na shan abin sha da aka dama da garin bulubari, wasu ƙananan 'ya'yan itace masu launin shuɗi mai duhu, sauran kuma suna shan irinsa ba tare da garin ba. Da aka auna, yadda jikin masu shan garin ke amsa wa insulin ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari. Na sauran bai wuce kashi 5 ba.

Hankalin masana ya fi karkata ga antosayanin, sinadarin da ke ba 'ya'yan launinsu. A gwajin ɗakin bincike, yana rage wa sinadaran hanji saurin mayar da sitaci zuwa suga, ta yadda sugan ba zai kwararo cikin jini lokaci guda ba. Dusar da ke jikin ɓawon ma tana ƙara jan ƙafar narkewar abinci. Ga wanda jikinsa ke fama da samar da isasshen insulin, wannan jinkiri sauƙi ne babba.

Masanan Harvard sun bi diddigin abincin mutum sama da 187,000, suka wallafa a 2013 cewa cin bulubari sau uku a mako na tafiya tare da raguwar haɗarin ciwon suga da kashi 26, yayin da shan ruwan 'ya'yan itace da aka tace ke ƙara shi.

Sai dai a wani nazari da aka wallafa a 2019, jami'ar East Anglia ta Ingila ta gwada bulubari wata shida, jijiyoyin jini suka samu sauƙi, taurin kan insulin kuwa ko gezau. Shi ya sa babu dalilin da mai ciwon suga zai ajiye maganin likita saboda 'ya'yan itace.

Bulubari baƙo ne a kasuwannin Kano da Maraɗi, kuma da tsada, amma jan launin zoɓo ma antosayanin ne. Abin takaici, sugan da masu sayarwa ke zubawa a gorar zoɓo ya isa ya tayar da sugan jinin mai sha nan take.