Abin da ya kamata ku sani game da auna istirojin a ruwan kogi

Istirojin sinadari ne da jiki ke samarwa. Ya fi yawa a jikin mace, kuma shi ke daidaita al'ada da ɗaukar ciki. Yana fita ta fitsari, haka ma na cikin ƙwayoyin hana ɗaukar ciki. Matatun ruwan ƙazanta ba sa kama shi duka, saura sai ya gangara kogi.

Kifi ne ya fara tona asirin. A Ingila, masana sun ajiye kifaye cikin keji a bakin bututun matatu. A 1994 suka bayyana cewa mazan sun fara samar da sinadarin da matan kifi ke gina ƙwai da shi. A Kanada kuwa, daga 2001 zuwa 2003, an riƙa zuba istirojin na magani a wani tafkin gwaji a lardin Ontariyo, nanogiram 5 zuwa 6 a kowace lita. Wannan kamar cokalin shayi guda ne na sukari a lita biliyan ɗaya, amma wani nau'in ƙaramin kifi ya kusa ƙarewa a tafkin.

Saboda wannan ƙanƙanta, kafin a auna sai an fara bi da ruwan ta wani ɗan mataci da ke riƙe sinadaran, a tattara su cikin 'yan ɗigo. Daga nan hanya biyu ce. A ta farko, na'urar awon sinadarai takan faɗi suna da adadi, sai dai abin da aka sa ta nema kaɗai take gani, alhali wasu sinadaran roba da na sabulun masana'antu ma suna kwaikwayon istirojin, kuma ƙarfinsu haɗuwa yake yi.

Hanya ta biyu ita ce gwajin yis, wanda aka ɓullo da shi a Jami'ar Brunel a 1996. An dasa wa yis ɗin makamar istirojin irin ta jikin mutum. Ana ɗiga samfurin a faranti mai ramuka 96. Idan akwai abin da ke aiki irin na istirojin, ruwan ramin sai ya juya daga rawaya zuwa ja. Gwargwadon jan, gwargwadon ƙarfin.

Yis yana nuna jimillar ƙarfin amma ba ya faɗin mai laifi, shi ya sa ake haɗa hanyoyin biyu. Da su ake tabbatar ko ƙarin tacewa da gawayi na musamman ko iskar ozon, irin wanda Suwizalan ta wajabta wa manyan matatunta tun 2016, ya yi aiki.